Kabarin da Mama Rifkatu ta zo gani

Longji mutum ne mai sanyin hannu da sanyin baki. A cocin 'yan Arewa da ke taruwa a wani zauren haya a Landover, kusa da Washington a Amurka, in aka tashi daga sujada aka ce a kwashe kujeru, kowa sai ya haɗa uku ko huɗu yana ja a ƙasa. Shi kuwa ɗaya zai ɗauka, da hannu biyu, ya kai ta gindin bango ya ajiye ba ko ƙara. Kafin ya yi nisa an gama, an kashe fitila, ana jiran sa a bakin ƙofa. Kowa na yi masa tsiya a kan haka, amma ba wanda ya kai matarsa Selina. Ita ce ke cewa ko gobara ta tashi a gidansu, sai Longji ya gyara shimfiɗa kafin ya fita.

A wani ƙauye kusa da Pankshin aka haife shi. Ubansa kafinta ne, mai yin bencin coci da akwatin gawa, kuma akwatin ya fi bencin kawo abinci gida. In aka yi mutuwa, tsohon ba ya yarda da awon da aka kawo masa da baki. Sai ya karyo karan dawa ya tafi gidan makoki da ƙafarsa, ya auna mamacin daga kai zuwa diddige, ya dawo da karan a kafaɗa. A wurinsa Longji ya koyi zarto da guduma, ya kuma koyi cewa mutum, komai talaucinsa, yana da haƙƙin a kwantar da shi a miƙe.

Lotirin biza ne ya kawo shi Amurka yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ya yi gadi, ya yi wankin mota, ya daɗe a wani kamfani mai kwashe wa mutane kaya in za su yi ƙaura. Can ma abokan aiki sun gaji da nawarsa, amma bai taɓa fasa ko madubi ba. Wata rana aka ɗauke su su kwashe kabad-kabad na gilashi a gidan kayan tarihi na wata jami'a a Washington. Matar da ke kula da kayan, wata dattijuwa mai suna Constance, ta tsaya tana kallon yadda yake aiki, daga baya ta tambaye shi ko ya iya katako. Daga nan bai ƙara hawa motar ƙaura ba.

Gidan ba babba ba ne. Zaure biyu ne a sama, sai ɗakin ajiya a ƙasa wanda ya fi su cika. Kusan duk abin da ke ciki wasu malaman jami'ar ne suka haƙo tun zamanin kakanni, a kufan wani tsohon gari da ke gaɓar Bahar Rum. Akwai ƙananan fitilun yumɓu da hayaƙi ya baƙanta wa baki, akwai dogayen tuluna masu tsinin gindi, akwai tsingaro cike da aljihunan tebur, kowane da lambarsa. Aikin Longji shi ne ya ƙera wa kowane abu mazauni, ya yi masa akwati in za a kai shi aro wata jami'ar, ya ɗauko shi in ɗalibai za su duba, ya mayar. Akwai kuma wasu tukwane masu murfi da aka samo a maƙabartar garin. Mutanen wancan wuri ƙona matattunsu suke yi, su tara tokar da guntayen ƙashi a tukunya su binne. Wasu tukwanen har yau da abinsu a ciki.

A lokacin wannan bai dame shi ba. Sau ɗaya Selina ta zo ganin wurin aikinsa, ta leƙa gilashin ta ja da baya tana dariya. "Ashe da matattu kake wuni, shi ya sa ba ka da labari in ka dawo," ta ce. Daga ranar ta kafa masa doka, ba zai sa hannu a tuwonta ba sai ya wanke da sabulu tana kallo.

Selina nas ce, 'yar Bajju daga wajen Zonkwa, doguwa mai murya da fara'a, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. A cocin nan suka haɗu, kuma ita ta fara yi masa magana, don da shi aka jira da har yau ana jira. Allah bai ba su haihuwa ba. Ciki biyu ta yi, duka suka zube, daga baya suka daina zancen. Ita kaɗai ce ɗiya mace a wurin uwarta, Mama Rifkatu, kuma kowace Lahadi bayan sujada sai ta kira ta su yi ta hira har wayar ta yi zafi.

Sai korona ta zo. Selina ta fara kwantawa, shi ya biyo baya, aka kai su asibiti daban-daban. Da Longji kowa ya fid da rai, don an sa masa na'urar numfashi, ya yi makonni bai san inda kansa yake ba. Amma Selina ce ta tafi.

Abin da ya biyo baya babu mugu ko ɗaya a cikinsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Asibiti suka nemi wanda zai karɓi gawa. Miji ba ya cikin hayyacinsa, ba ɗa, ba ɗan'uwa a ƙasar. Lambar da suka samu ta Dattijo Dung ce, babban dattijon coci, mutumin da ba ya tsallake al'ada ko da wasa. A gida, matar aure in ta rasu ba a taɓa gawarta sai miji ya aika wa danginta, kawunnanta sun zauna sun ce ga inda za a kwantar da ita. Dung ya kira gida. Kawun Selina ya ce daga bakin miji ake jin irin wannan magana, a jira ya farfaɗo, ga shi kuma jirage ba sa tashi. Asibiti suka sake kira suka ce wani ya zo ya sa hannu. Dung ya ce shi wane ne da zai sa hannu a kan gawar ɗiyar mutane, alhali mijinta na raye, kawunnanta kuma ba su yi magana ba? Matan zumunta suka ce gaskiyarsa. Kowa ya ja da baya don ladabi, kowa a ganinsa girmama Selina yake yi. Su kuwa hukuma ba ruwansu da ladabinmu. Abin da suka gani shi ne gawa ba mai ita, ga ɗakin ajiye gawa ya cika ya tumbatsa. Ranar da kawun ya gaji da jira ya ce to a binne ta a can, Dung ya sa babbar rigarsa ya tafi karɓo ta. Wani ƙaramin akwatin roba baƙi aka miƙo masa, da tokarta a ciki.

Ya daɗe zaune a mota. Da ya kira gida, bakinsa ya kasa ɗaukar maganar, sai ya ce, "An rufe ta lafiya." Can aka yi kuka, aka yi addu'a, aka watse.

Longji ya farka ya tarar da mutuwa, Dung ya miƙa masa akwatin robar, ya kuma tarar da ƙaryar da aka riga aka yi a madadinsa. Ranar da ya fara iya riƙe waya, Mama Rifkatu ta kira tana yi masa ta'aziyya, ita da ya kamata a yi wa. Ta tambaye shi ko wurin da aka sa Selina yana da inuwa. Ya ce akwai. Daga wannan kalma bai ƙara samun hanyar komawa baya ba.

Da ya koma aiki, tukwanen nan masu murfi suka hana shi sakat. In ya ɗauki ɗaya sai ya ji abin da ke ciki ya ɗan motsa, irin motsin da yake ji in ya ɗaga akwatin robar a gida. Akwai wata ja mai hannu biyu, wadda aka samo tare da mataji na ƙashi da ɗan madubin tagulla. Constance ta ce mai yiwuwa mace ce mai ƙuruciya. Longji yakan tsaya gabanta da safe kafin a buɗe ƙofa, yana tunanin wanda ya ajiye mata matajin. Ya yanke wa kansa cewa miji ne, kuma ya so ta. Wannan tunani ne kaɗai ke ɗan rage masa zafi.

Ya sayi katako mai kyau ya ƙera wa Selina akwati da hannunsa, ba ƙusa ko ɗaya, ya lulluɓe cikinsa da ɗankwalinta na zumunta. Ba abin da ya karya masa zuciya kamar awon. Shi ɗan mai karan dawa, ga matarsa da ta fi shi tsawo, kuma akwatinta bai kai kamu ɗaya ba. Ya yi masa mazauni a ɗakin kwanansu, ta gefen da take kwana.

Mama Rifkatu ba ta daina kiran Lahadi ba, sai dai yanzu shi take kira. Ya je kabarin Selina kuwa? An share ciyawa? Ya ɗauko mata hoto mana. Sai ya ce dusar ƙanƙara ta rufe wurin, in ta narke ya ce ba a gama sassaƙa dutsen ba. Ita kuwa magana ɗaya take maimaitawa: ba ta zuba wa ɗiyarta ƙasa da hannunta ba, don haka ba ta san yadda za ta daina jiran wayarta ba. Ta nemi biza aka hana ta. Longji, Allah ya gafarta masa, ya ji sanyi a ransa, ya kuma kwana biyu yana jin kunyar sanyin. Ta sake nema. Shekara uku da wani abu bayan rasuwar aka ba ta.

Dattijo Dung ya ja shi gefe bayan sujada. Tsohon ya rame, don shi ma maganar tana cin sa.

"Ɗana, da sauran lokaci," ya ce. "Mu sayi wuri cikakke irin na mutum, mu sa akwatin, a ɗora dutse. Ciyawar ƙasar nan shimfiɗa ta ake yi kamar darduma. Ta zo ta gani, ta yi kukanta, ta koma da kwanciyar rai. Wa aka cuta?"

Har Dung ya ɗauka ya yarda, sai Longji ya girgiza kai.

"Baba, na yi mata ƙarya da baki," ya ce. "Amma ba zan durƙusar da tsohuwa a kan ramin wofi ba, tana shafa ƙasa tana neman inda kan ɗiyarta yake."

"To za ka faɗa mata?"

"Zan faɗa."

A bakin coci abin ya yi sauƙin faɗa. Mama Rifkatu ta sauka cikin watan Afrilu, 'yar guntuwar tsohuwa mai kaifin ido, da jaka cike da acca da yaji. Tun a mota ta ce su wuce wurin Selina kafin su je gida. Ya ce ta gaji, ta huta tukuna. Washegari ya ce ana ruwa. Kwana na gaba ya ce yana da aiki. Ta sauka a ƙaramin ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninta da ɗiyarta, kuma kunya ce kawai ta rufa masa asiri, don suruka ba ta leƙa ɗakin kwanan mijin ɗiyarta.

Sai wata dabara ta zo masa, irin ta mutumin da hannunsa ya fi bakinsa iyawa. Zai kai ta wurin aikinsa ya nuna mata tukwanen. Za ta ga matajin da madubin, ta gane an yi mutane a duniya da suka mai da nasu toka ba don ƙiyayya ba. In zuciyarta ta yi laushi a kan baƙi, sai ya faɗa mata nata. Duk wanda ya san uwa zai ce masa kada ya soma, amma Longji bai tambayi kowa ba.

Ranar Asabar suka je. Da farko abin ya yi kyau. Ta yi wa fitilun dariya ta ce ai aci-balbal ce, da irinta ta yi karatun baftisma. Ta tsaya gaban dogayen tulunan ta ce wanda ya gina tulu mai tsinin gindi bai taɓa zuwa rafi ba. Ya nuna mata mazaunan da ya ƙera, ta shafa gilashin da shi zai goge ranar Litinin, ta ce hannunsa yana da albarka. Wasu ɗalibai na zaune a ƙasa suna zana tukwane a takarda, suna taunar cingam.

Suka iso gaban jar tukunyar. Longji ya gyara murya ya yi bayani a hankali, yadda ya tsara shi a ransa: mutanen garin, da al'adarsu, da wutar, da tukunyar, da matajin.

"Tsaya," ta ce. "Mutum ne a ciki?"

"E, Mama. Mace ce."

"Yanzu haka tana ciki?"

"Tana ciki."

Mama Rifkatu ta ja gyale ta rufe kai. Ta ɗan rusuna wa gilashin ta ce, "Sannu, yarinya." Ta daɗe tana kallo.

"Ki dubi matajin, Mama," in ji Longji. "Wanda ya ajiye mata shi yana son ta."

"Yana son ta ya cinna mata wuta?" Ba ta ɗaga murya ba. "Haba, ɗana. Mace ta yi ciki, ta yi naƙuda, ta yi goyo, ta ga haƙori ya fito, ta ga gashi ya isa kitso, a ƙarshe a ce ga abinki a tukunyar miya. Me za ta taje da matajin? Uwar wannan ta fi ni shan wahala."

Sai ta juyo ta kama hannunsa da nata biyu, a nan tsakiyar zaure, ta rufe ido. Ta gode wa Ubangiji da ya sa ɗiyarta, ko da a baƙuwar ƙasa, tana kwance cikakkiya da hannuwanta da ƙafafunta, tana jiran ranar tashi. Ta roƙa wa Longji albarka don ya rufa wa Selina asiri. Ta ce amin. Shi leɓensa kawai ya motsa.

A mota ta ce, "Yau ba ruwa, kuma ba ka da aiki. Kai ni."

Ya ce su biya gida tukuna. Da sauran rana lokacin da suka shiga. Ta zauna a kujerar falo da jakarta a cinya, ko takalmi ba ta cire ba, don a ganinta yanzu za su fita. Longji ya shiga ɗaki. Ya jima a can, sa'an nan ya fito rungume da akwatin, ya durƙusa a gabanta ya ajiye shi a kan tebur.

Ya faɗa mata duka, tun daga na'urar numfashi har zuwa inuwar da ya ce akwai. Bai ɗora wa Dung ba, bai ɗora wa kawu ba. Idonta na kan akwatin har ya gama.

"Tun ranar da na zo tana gidan nan?" ta tambaya.

"Tun kafin nan, Mama."

"Na kwana bayan bangon nan ina roƙon Allah ya kai ni wurinta."

Ya sunkuyar da kai.

"Duk Lahadin da na tambaye ka ciyawa, kana nan kana kallon ɗiyata?"

"Ina kallon ta."

Ta ajiye jakar a ƙasa. "Miƙo min ita."

Ya ɗauka ya miƙa. Ta shirya hannuwanta don nauyi, sai akwatin ya zo mata da sauƙi har hannuwan suka ɗan yi sama. Ta tsaya cak. Ta ɗan jijjiga shi, yadda mata ke yi in an miƙo musu jariri a gidan barka.

"Haka take," ta ce a hankali. "Ranar da ungozoma ta miƙo min ita, haka nauyinta yake. Duk abin da na ciyar da ita sun kwashe."

Ta miƙe ta kwance zanenta na sama. Ta sunkuya ta ɗora akwatin a baya, ta jawo zanen ta ɗaure a ƙirji, ta soke a ciki. Longji ya ga kusurwar katakon tana sukar ta a ƙashin baya, ya miƙa hannu ya gyara, ta kauce. Ta fara kai da komowa a ɗan falon, daga taga zuwa ƙofar kicin, tana bubbuga ƙasan akwatin da tafin hannu. Sai a lokacin hawaye suka zo mata, kuma ba ta share su ba.

"Ka nema mana jirgi," ta ce ba ta dube shi ba. "Gida zan kai ta, bayan ɗakina."

"Zan raka ku, Mama. In je in durƙusa wa kawu, in zuba mata ƙasa."

"A'a." Ta tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakin ta ba shi baya. "Ban ce kai mugu ba ne. Ka so ta, na gani a katakon. Amma ka riƙe ta shekara uku kai kaɗai, ka yi kukanka a kanta har ka ƙoshi, ni ina can ina yi wa ciyawa addu'a. Ka samu rabonka. Wannan nawa ne."

Ta shiga ta tura ƙofar. Longji na nan durƙushe gaban teburin da ba komai a kai, yana jin takunta daga bango zuwa bango.